Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Lafiya, NAFDAC da NDLEA: a raba mana magani da maye a maganar tabar wiwi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Ministan Lafiya, ranki ya daɗe Shugabar hukumar NAFDAC, ranka ya daɗe Janar Buba Marwa na hukumar NDLEA, ina miƙo gaisuwa ta girmamawa da fatan kuna lafiya ku da iyalanku, Allah ya taya ku riƙon wannan amana. Ni mai harhaɗa magunguna ne, abin da mutane suka fi sani da famasis, shekara 14 kenan ina tsaye bayan kanta a Zariya. Wannan wasiƙar da yawun wasu iyaye na rubuta ta, muna tare da su a wani zauren WhatsApp, iyayen yara ne masu farfaɗiyar da ta gagari magani, sai kuma wasu abokan aikina da kullum ake tare su da tambaya ɗaya, wato ina za a samu maganin farfaɗiyar da ake cirowa daga wiwi, kuma ba su da amsar da za su bayar.

Tun kafin a yi nisa bari in cire wa kowa shakku, ban zo roƙon a halatta busa wiwi ba, kuma duk wanda zai ɗauki rubutun nan ya kafa hujja da shi a majalisar 'yan shaye-shaye to ban yafe ba. Na san abin da take yi. Binciken da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da kayan maye a ƙasar nan, miliyan 10.6 a cikinsu wiwi suke sha, kuma ni ba sai an karanto min lissafi ba, akwai yaran layinmu da na sani tun ana aiko su siyan farasitamol da kuɗi a dunƙule a hannu, yau suna tafe suna magana su kaɗai. Saboda haka Janar, aikin da jami'anka ke yi a dazukan Ondo da Edo da kan manyan hanyoyinmu muna gani, muna kuma godiya.

Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne yadda maganar ke tafiya duk lokacin da ta taso. Marigayi Gwamna Akeredolu na Ondo ya je har Tailan a 2019 ya dawo yana maganar noman wiwi da kuɗin shiga, a 2023 ƙudurin ba da lasisin noman ya zo gaban Majalisar Wakilai aka yi ta ka-ce-na-ce aka ajiye shi gefe. Ɓangare ɗaya na cewa dala, ɗaya ɓangaren na cewa za a lalata matasa, kowa da gaskiyarsa, amma uwar da ɗanta ke faɗuwa sau 10 a rana ba wanda ya kira ta ya ji ta bakinta. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba, don haka ga kukanmu.

Na farko shi ne kuɗin goron da aka yi wa tsiron gaba ɗaya. Dokar da ake kira Indian Hemp tun 1966 take, zamanin soja, har hukuncin kisa ko ɗaurin shekara 21 ta tanada wa mai nomawa kafin a sassauta daga baya. Dan Allah ku duba shekarar da kyau. A 1964 ne, shekara 2 kacal kafin dokar, Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni suka ware tsantsar sinadarin THC, wanda shi ne ke bugarwa a wiwi, suka gano ƙirarsa a Isra'ila, shi kuma CBD, ɗan uwansa da ba ya bugarwa, duk da Roger Adams ya fara ciro shi a Amurka tun 1940, sai 1963 aka san ainihin yadda aka gina shi. Kenan an rubuta dokar ne lokacin da duniya ba ta ma san ta wace ƙofa wiwi ke shiga ƙwaƙwalwa ba, don wannan ƙofar sai a 1988 aka gano ta. Ba laifin waɗanda suka rubuta ba ne, iya saninsu kenan a lokacin, amma mu yau ba mu da wannan uzurin.

Ga abin da aka sani yanzu, zan faɗa da Hausar da mahaifiyata za ta gane. A jikin furen macen wiwi akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙullutu masu danƙo da ke ƙyalli kamar raɓa, nan ne tsiron ke dafa duk abin da ake rigima a kansa. Yana fara haɗa wani sinadari da ake kira CBGA, shi ne uwa, daga shi sai a samu 'ya'ya, wani ya zama THCA wani ya zama CBDA, kuma irin da aka shuka shi ke yanke wanne zai rinjaya, shi ya sa akwai irin da kusan duk mai bugarwar ne, akwai kuma irin da ɗan abin da ke ciki bai kai ya bugar da kowa ba. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba, ɗanyen ganye ba THC ne kai tsaye a cikinsa ba, THCA ne, yana ɗauke da wata 'yar jela ta asid, sai zafi ya taɓa shi jelar ta cire ta tafi a matsayin iskar kabon dayoksaid, sannan ya zama mai bugarwa. In kuma ya daɗe a ajiye iska da haske na dukansa sai ya riƙa lalacewa yana komawa wani daban da ake kira CBN. 'Yan wannan dangin sun haura 100 a tsiro ɗaya, ban da mayukan da ke ba shi warinsa, waɗanda ɗaya daga cikinsu, kariyofilin, shi ne dai wanda ke cikin kanumfari da masoron da ke kicin ɗin kowane gida.

Inda nake so a tsaya a natsu shi ne kan THC da CBD. In ka ƙirga ƙwayoyin zarrar da aka gina kowannensu da su daidai suke ba ragi ba ƙari, kabon 21, haidirojin 30, oksijin 2. Kamar kalmar gari ne da kalmar riga, haruffa 4 iri ɗaya, jerin ne ya bambanta, amma ba wanda zai tuƙa tuwo da riga. A jikin THC akwai wani zobe da ya rufe, a CBD wannan zoben a buɗe yake. Iyakar bambancin kenan, kuma shi ne tazarar da ke tsakanin yaron da ya bugu da yaron da jijjigarsa ta lafa.

Dalili kuwa, a ƙwaƙwalwar kowannenmu Allah ya halicci wasu abubuwa kamar kwaɗuna ana kiransu CB1, akwai kuma CB2 da aka gano a 1993 waɗanda suka fi yawa a ƙwayoyin garkuwar jiki. Ba don wiwi aka halicce su ba, jiki na da nasa makullan, anandamaid da aka gano a 1992 da kuma 2-AG a 1995, yana ƙera su daidai lokacin da yake buƙata su daidaita jin zafi da yunwa da barci da riƙe abu a kai, suna gamawa ya rushe su. THC makullin sata ne da ya yi daidai da kwaɗon CB1, ya shiga ya buɗe ya yi zamansa, ga shi mai son kitse, sai ya laɓe a kitsen jiki har makonni a wajen wanda ke sha kullum. CBD kuwa saboda zobensa a buɗe yake ba ya zama daram a wannan kwaɗon balle ya buɗe shi, wasu hanyoyi daban yake bi ya kwantar da jijiyoyin da suka rikice. Kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya ya zauna a kansa a 2018, ya ce tsantsar CBD ba a ga alamar mutum na kamuwa da shi ya kasa bari ba, ko ya riƙa nemansa don maye.

Kuma wannan ai ba baƙon abu ba ne a asibitocinmu. Zaƙami kowa ya san haukan da yake sawa, amma atirofin, wanda ke cikin zaƙamin da danginsa, shi ne allurar da ake ceto ran wanda ya sha fiya-fiya da ita. Mofin daga tsiron da ake yin hiroyin yake fitowa, yana nan a kulle a durowar asibiti, da littafin rijista da sa hannun likita, ba wanda ya taɓa cewa don haka an halatta hiroyin. Ilimin raba magani da maye muna da shi, muna aiki da shi kullum, a kan wannan tsiron ne kawai aka ƙi amfani da shi.

Kuka na biyu, maganin yana nan, an gwada shi an tabbatar, mu ne ba mu da shi. Tun 1980 aka yi wani ɗan ƙaramin gwaji a Birazil, mutum 8 masu farfaɗiya aka ba CBD, 4 suka kusa daina faɗuwa gaba ɗaya, amma saboda sunan tsiron aka yi watsi da maganar sama da shekara 30. Sai a 2017 aka fitar da sakamakon babban gwaji kan yara da matasa 120 masu ciwon Dravet, wata muguwar farfaɗiya ce da ke farawa tun yaro bai shekara ba. Waɗanda aka ba CBD faɗuwarsu ta sauko daga wajen sau 12 a wata zuwa wajen sau 6, waɗanda aka ba ruwan da ba magani a ciki kuwa daga kusan 15 zuwa 14 kawai. A watan Yunin 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi da sunan Epidiolex don ciwon Dravet da na Lennox-Gastaut, ita ma wata muguwar farfaɗiya ce, Turai ta biyo baya a 2019. Ba warkewa ba ce, ina so iyayen da ke karanta wannan su ji da kyau, kashi 5 cikin 100 ne kawai suka daina faɗuwa kwata-kwata a wancan gwajin, kuma yana sa barci da gudawa da rashin cin abinci, yana iya taɓa hanta musamman in an haɗa shi da maganin farfaɗiya balfurowet, yana kuma ƙara wa kulobazam, shi ma maganin farfaɗiya ne, ƙarfi a jini saboda hanya ɗaya suke bi a hanta. To amma wanda bai taɓa kwana zaune yana riƙe da yaro yana taune-taune ba, ba zai san me ake nufi da a rage maka rabi ba.

Akwai wasu ma da suka girme shi. Tun 1985 Amurka ta amince da duronabinol, wanda THC ne da aka haɗa a masana'anta, da kuma nabilon, don masu ciwon daji da maganin ciwon dajin ke sa su amai ba ƙaƙƙautawa. Ingila ta amince da Sativex a 2010, feshin baki ne don sandarewar gaɓɓai a wani ciwon jijiya, kowane fesawa ɗaya miligiram 2.7 na THC da 2.5 na CBD, a aune, ba ƙiyasi ba. Ranar 2 ga Disambar 2020 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ta kaɗa ƙuri'a, 27 da 25, aka cire wiwi daga jerin abubuwan da ake ganin sun fi haɗari kuma ba su da wani amfanin magani na a zo a gani, aka bar ta a jerin da mofin yake, wato ana tsare ta sosai amma an yarda akwai magani a ciki. Najeriya na cikin 25 ɗin da suka ce a'a. Maroko, ƙasar Musulmi 'yan uwanmu Malikawa, ta ce e, ta kuma yi dokarta a 2021 don magani da masana'antu ba tare da ta halatta busawa ba. Lesoto ta fara ba da lasisi tun 2017, Zimbabuwe 2018, Ghana ta sa iyakar kashi 0.3 cikin 100 na THC a dokarta. Mu kuwa har yau likitan jijiyoyin yara zai gaya wa uwa cewa akwai wani magani a waje, ta zo wajena da sunan a rubuce a 'yar takarda, ni kuma ba ni da shi, ba ni da inda zan saro shi, ba ni da tabbacin in wani ya shigo da shi ba za a kama shi a filin jirgi ba.

Na uku shi ne wanda ya fi ci min rai, don ya shigo har gidanmu. Ɗan yayata yanzu shekararsa 6. Yana wata 6 aka fara, zazzaɓi ya zo da jijjiga, aka ce ai shawara ce, aka ce haƙori ne, daga baya aka ce iska ce, an yi ruƙiya an yi hayaƙi an sha rubutu. Da aka koma asibiti aka ɗora shi kan maganin farfaɗiya kabamazafin sai abin ya ƙaru, sai da wani ƙwararren likita ya gan shi ya ce alamunsa na Dravet ne kuma wannan maganin yana tsananta irin wannan ciwon, aka canza masa. An samu sauƙi amma faɗuwar ba ta tsaya ba, goshinsa duk tabo ne, makaranta ta gagara, wasu maƙwabta sun hana yaransu cin abinci kwano ɗaya da shi wai ana ɗauka ta yawu, alhali farfaɗiya ba a ɗaukarta. Wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Yayata ta ga talla a intanet, wai man CBD na asali daga waje, ta tura N45,000 ba ta gaya wa kowa ba, har ni, don ta san zan hana. Aka kawo 'yar kwalba ba lambar rijista, ba adadin miligiram, ba ranar lalacewa, sai hoton ganye kawai. Kwana 2 da fara ɗiga masa aka kira ni da daddare, na tarar da yaro idanu jajur, yana tangaɗi yana dariya yana kuka, daga baya ya yi barcin da sai da muka riƙa taɓa ƙirjinsa muna ji ko yana numfashi. Na gwada fitsarinsa da irin tsinken gwajin da muke sayarwa, THC ya fito ɓaro-ɓaro. Wallahi har yau in na tuna fuskar yayata a daren nan sai zuciyata ta karye, uwa ce da ta sayi maye da kuɗinta ta ɗiga wa ɗanta a baki da hannunta tana bismillah.

Kuma ba ita kaɗai ba ce, a zaurenmu labarin ya maimaitu. Ko a Amurka da aka sayo kaya 84 na CBD daga intanet aka gwada a 2017, kashi 31 cikin 100 ne kawai abin da aka rubuta a jiki ya yi daidai da abin da ke ciki, 18 daga cikinsu kuma an samu THC. In haka ta faru can to ina ga nan. Ga shi tsiron yana zuƙar dalma da sauran ƙarafa masu guba daga ƙasar da aka shuka shi, mu da muka ga abin da dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 bai kamata a ce sai an yi mana dogon bayani ba. Ga maganin ƙwari da aka fesa wa gonar, ga fumfuna in an busar da shi ba daidai ba, duk suna bin man su shiga kwalba. Sannan shi kansa CBD ɗin masu mugun nufi na iya juya shi ya koma THC, tunda dama zobe ɗaya ne tsakaninsu. Rufe ƙofa bai hana man shigowa ba, gwajin kawai ya hana.

Masu tallan nan kuma ba abin da ba sa cewa yana warkarwa, kansa, suga, hawan jini, sikila, rashin haihuwa. Ƙarya ce. Babu wani ingantaccen gwaji a kan mutane da ya nuna wiwi ko manta na warkar da ciwon daji, kuma na ga matar da ta ajiye maganin asibiti saboda irin wannan tallan. Sikila da ta fi damunmu, don ba ƙasar da ta kai mu yawan masu ita, wani gwaji da aka fitar a Amurka a 2020 kan mutum 23 bai nuna wani bambanci na ƙwarai a rage ciwon ba. Wannan bayanin ya kamata a ce daga bakin hukuma jama'a ke jinsa, amma tunda an mayar da maganar abin kunya da ba a taɓawa sai aka bar wa 'yan damfara filin su kaɗai.

Na huɗu, ba mu san me yaranmu ke busawa ba. A Amurka sun bi diddigi sun ga ƙarfin THC a wiwin da ake kamawa ya tashi daga wajen kashi 4 cikin 100 a 1995 zuwa wajen kashi 12 a 2014, shi kuma CBD da ke ɗan rage kaifinsa ya ja baya. Wani babban bincike da aka fitar a 2019 daga biranen Turai da Birazil ya nuna mai sha kullum haɗarin taɓin hankalinsa ya ninka wajen sau 3, in kuma mai ƙarfin ce da ta kai kashi 10 zuwa sama ya kusa ninka sau 5. Yanzu ga Laud ga Arizona ga abin da yara ke kira Kolos, wanda sau da yawa sinadarin da ke cikinsa bai ma fito daga tsiron ba, haɗa shi ake yi a fesa a kan ganye. THC rabin buɗewa yake yi wa kwaɗon CB1, waɗannan kuwa wangale shi suke yi gaba ɗaya, shi ya sa ake ganin jijjiga da lalacewar ƙoda da mutuwar farat ɗaya. Saliyo sai da ta kafa dokar ta-ɓaci a watan Afrilun 2024 saboda Kush, wani irin wannan haɗin. Likitan da ke karɓar waɗannan yaran a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ko Kware ko Dawanau ko Maiduguri yana buƙatar ya san me ke yawo a gari a wannan shekarar, haka mu ma. Sannan malamin jami'a da ke son yin bincike a kan tsiron, zirga-zirgar neman izini da tsoron abin da za a ce kan sa da yawa su haƙura su koma kan zogale.

To ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Ranki ya daɗe Shugabar NAFDAC, a fitar da hanya ɗaya a rubuce wadda kowa zai iya karantawa, ta yadda za a yi wa tsantsar CBD da aka riga aka gwada rijista, ko a ba da izinin shigo da shi da sunan majinyaci ɗaya-ɗaya. Kar a kai shi kemis, ni kaina ban nemi a ba ni in ajiye a kantina ba. A fara da manyan asibitocin koyarwa irin su Shika da Malam Aminu Kano da na Sakkwato da Maiduguri, ƙwararren likitan jijiya ne kaɗai zai rubuta, a kulle shi a durowa ɗaya da mofin, a rubuta kowace kwalba, a riƙa gwada hantar yaro kafin a fara da kuma bayan an fara. Mun ga yadda kodin ya fita daga hannu har aka hana shi a 2018, ba ma son a maimaita, shi ya sa mu da kanmu muke cewa a ƙuntata ƙofar. Sannan a bi masu tallan mai a Facebook da TikTok da Instagram, a sayo kayansu a sa a na'ura, a faɗi sakamakon a rediyo da Hausa da sauran harsuna, a hukunta mai laifi.

Mai girma Minista, a kai wa majalisa ƙuduri na magani zalla, a raba shi da maganar gonaki da fitar da kaya waje, don duk lokacin da aka haɗa su na maganin ne ke mutuwa. A rubuta adadin THC a cikin doka da lamba, yadda jami'in da ke filin jirgi zai iya bambance kwalbar magani da kayan maye da gwaji ba da hanci ba. A kuma duba kuɗinsa tun yanzu ta hukumar inshorar lafiya, don magani ne mai tsada sosai, in aka buɗe ƙofa ba tallafi 'ya'yan masu hali ne kawai za su shiga. Kuma dan Allah kar maganar CBD ta sa a manta da mafi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa in sun samu magungunan da aka saba da su, irin su finobabiton da balfurowet, amma a ƙauyukanmu da yawa ko waɗannan ba sa kaiwa, na'urar auna ƙwaƙwalwa kuwa sai an yi tafiya mai nisa. Yaran da nake magana a kansu su ne ragowar da waɗannan suka gaza a kansu.

Ranka ya daɗe Janar, kuna da ɗakunan gwaji kuma kuna da samfur fiye da kowa a ƙasar nan. A riƙa fitar da rahoto duk shekara, nawa ne ƙarfin THC a abin da aka kama a kowace shiyya, waɗanne sinadaran haɗi aka samu, a aika wa asibitoci. A kuma buɗe tebur ɗaya na ba da izinin bincike mai wa'adi sananne ga cibiyar binciken magunguna ta ƙasa, NIPRD, da ke Idu a Abuja da tsangayoyin harhaɗa magunguna na jami'o'inmu. NIPRD ce fa ta fitar da Niprisan na sikila daga tsirran ƙasar nan a shekarun 1990, masu ilimin muna da su.

Roƙo na ƙarshe na ku duka ne, a zauna da malamanmu na addini kafin a yanke komai, Musulmi da Kirista. Duk abin da ke bugarwa haramun ne, kuma abin da mai yawansa ke bugarwa to kaɗan ɗinsa ma haramun ne, a kan wannan aka rene mu kuma a kansa muke. Hukunci nasu ne, namu shi ne mu ajiye musu bayanin sinadari a gabansu dalla-dalla, ga wanda ke bugarwa, ga wanda ko an sha da yawa ba ya bugarwa, ga yadda ake tace shi, ga yaran da ke buƙata. In fatawa ta fito daga bakinsu ba uban da zai ji nauyin karɓar maganin, ba kuma ɗan shaye-shayen da zai fake da ita.

Iyayen zaurenmu a shirye suke su zo Abuja da katunan asibitin yaransu da littattafan da suke rubuta ranakun faɗuwa a ciki, in an ba su rana. Kwalbar da aka sayar wa yayata kuma tana nan a durowata, na naɗe ta a leda na rubuta kwanan wata a jiki, duk ranar da NAFDAC ta turo a karɓa don gwaji zan miƙa ta da hannuna.

Wassalam.

Naku,
Wani mai harhaɗa magunguna daga Zariya, a madadin iyayen yara masu farfaɗiyar da ta gagari magani.